Tsofaffin hotunan sojoji: fuskokin da aka adana da waɗanda Birnin Konni ta rasa

A wani gida da ke cikin tsohon garin Birnin Konni, an taɓa fito min da wani hoto daga cikin gwangwanin biskit da aka naɗe da tsumma. Wani saurayi ne a tsaye, da dara a kansa, da ɗamara mai faɗi a ƙugunsa, ya dafa kujera da hannu ɗaya. Masu gidan suka ce kakan mahaifinsu ne, kuma sun gaji labarin cewa an ɗauki hoton tun zamanin da Nasara suka ci Konni. Da na kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, sai na ga lambar yabo a ƙirjinsa: gicciye ne da takubba biyu a gicce. Wannan lamba, wadda Faransawa ke kira Croix de guerre, ba a ƙirƙiro ta ba sai a 1915. Ke nan mutumin sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ko na bayansa, shekara 16 ko fiye bayan abin da ya auku a Konni a 1899. Labarin gida ya haɗe yaƙi biyu ya mai da su ɗaya, kuma babu ko harafi ɗaya a bayan hoton da zai raba gardama.

A Turai da Amurka, tara irin waɗannan hotuna na sojojin ƙarni na 19 sana'a ce mai zaman kanta, da kasuwarta, da mujallunta, da masananta. Abin da masu wannan harka suka fi daraja shi ne suna. Hoton da aka san sunan mai shi da rundunarsa ya fi wanda ba a sani ba tsada nesa ba kusa ba, domin shi kaɗai ake iya bin sawunsa a takardu. Wannan ne darasin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu, mu da tarihinmu ya cika da fuskoki marasa suna da sunaye marasa fuska.

Yadda hoton soja ya zama kayan tarawa

An sanar da fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a birnin Paris a 1839, ta hanyar dabarar Louis Daguerre, wadda ke fitar da sura a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Da tsada yake, kuma kowane hoto guda ɗaya tak yake fitowa. A shekarun 1850 aka samu hanyoyi masu rahusa: hoto a kan gilashi, da hoto a kan siririn ƙarfe, sai kuma ɗan ƙaramin hoton takarda da ake mannawa a kan kwali, mai faɗin kusan santimita 6 da tsawon santimita 10. Wani mai hoto na Paris, André Disdéri, shi ya yi rajistar wannan na ƙarshe a 1854, Faransawa kuma suka sa masa suna carte de visite, wato katin ziyara. Da zuwansa, talaka ma ya iya mallakar hoton fuskarsa, har ya buga da yawa ya rarraba wa dangi.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya zo daidai da wannan arha. Saurayi zai sa kakin soja, kafin ya tafi fagen daga ya tsaya wurin mai hoto, ya bar wa mahaifiyarsa ko matarsa abin tunawa. Da yawansu ba su dawo ba, hoton ya zama shi ne abin da ya rage. Waɗannan hotuna su ne tushen kasuwar da ake yi a yau. A 2010 wani mai tarawa, Tom Liljenquist, tare da ƴaƴansa, ya bai wa babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka hotuna fiye da 700 na gilashi da na ƙarfe, kuma an sa su a intanet kowa ya gani. Akasarin mutanen da ke ciki ba a san sunayensu ba. Shi ya sa a 2018 wasu masu bincike na jami'ar Virginia Tech suka buɗe shafin Civil War Photo Sleuth, inda kwamfuta ke kwatanta fuskoki, jama'a kuma su tabbatar da takardu.

A cikin hotunan wancan yaƙi akwai na wani maƙwabcinmu. Mohammed Ali ben Said, wanda aka fi sani da Nicholas Said, an haife shi a Kukawa ta ƙasar Barno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, har ya isa Amurka. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙar fata. Ƙungiyar tarihi ta Massachusetts tana riƙe da katin hotonsa cikin kaki, kuma shi da kansa ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1873. Ga fuska, ga suna, ga runduna, ga labari daga bakin mai shi. Da wuya a samu ɗan yankinmu na wancan ƙarni da waɗannan abubuwa huɗu suka haɗu a kansa.

Abin da ya faru a 1899

A daidai lokacin da ƙarnin ke ƙarewa, yaƙi ya iso ƙofar Konni. A watan Janairu na 1899, ayarin sojan Faransa da ake kira Mission Afrique centrale ya tashi daga bakin kogin Kwara ya nufi gabas, da niyyar isa tafkin Cadi. Kaftin Paul Voulet ne shugaba, mataimakinsa Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa a 1898. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata, akasarinsu daga ƙasar da Faransa ke kira Sudan, wato Mali ta yau, tare da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata, da dabbobin da aka ƙwace a hanya.

Tun daga Sansanin Hausa ayarin ya fara kisa da ƙone-ƙone. A ranar 16 ga Afrilu ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi. A watan Mayu ya faɗa wa Birnin Konni, gari mai ganuwa, aka kashe mutane ba adadi, aka kwashe mata da yara. A lissafin Turawa kansu, Voulet ba shi da hurumin shiga wurin: yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a watan Yuni na 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, kuma Konni na cikinta. Sai bayan yarjejeniyar 1904 aka gyara iyakar, garin ya koma ɓangaren Faransa.

Wasiƙar wani hafsa da aka kora daga ayarin, Laftanan Péteau, ita ta tona asiri a Paris. Gwamnati ta aiko Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragamar ayarin. Ya biyo sawu yana rubuta abin da ya gani na ƙonannun garuruwa da gawarwaki. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, ya mutu. Cikin kwana uku sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu baya, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburan mutanen biyu suna Mai Jirgi har gobe. Hafsoshin da suka rage suka ci gaba zuwa Damagaram, suka ci garin a ƙarshen watan Yuli.

Su wa aka ɗauka, su wa aka bari

Wanda ya nemi hotunan wannan labari zai samu Voulet, da Chanoine, da Klobb, kowanne cikin kakinsa, da gashin baki, da suna a ƙasa. Hotunan ɗakin mai hoto ne da aka ɗauka kafin tafiya, jaridun Paris suka buga su a 1899, yau kuma suna yawo a intanet. Sojojin da suka harba bindigogin, waɗanda su ne kuma suka kawo ƙarshen Voulet, kusan babu wanda aka adana fuskarsa tare da sunansa. Mutanen Konni da suka tsaya a bakin ganuwa kuwa, babu mai hoton da ya tsaya a gabansu. Abin da ya rage nasu yana bakin jikoki, da waƙoƙi, da wuraren da dattawa ke nunawa.

Haka abin yake ga Sarauniya Mangu. Babu wani sanannen hoto nata. Fuskar da ake yawan yaɗawa a Facebook da sunanta ta ƴar wasa ce, Aï Keïta, wadda ta fito a matsayinta a fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987, ya cancanci yabo, amma hoton fim ba shaidar tarihi ba ce.

In baƙar fata ya shiga hoto a wancan zamani, galibi a matsayi biyu ne. Ko dai shugaba ne da aka kama, ana nuna shi a matsayin ganima, kamar Samori Ture da hafsa Henri Gaden ya ɗauka bayan kama shi a watan Satumba na 1898, ko kan Rabe da aka ɗaga bayan yaƙin Kusseri na ranar 22 ga Afrilu 1900. Ko kuma soja ne da aka tsayar a matsayin samfuri. Faransa ta kafa rundunar da take kira tirailleurs sénégalais a 1857, a zamanin gwamna Faidherbe, kuma sunan Senegal ya bi duk wanda ya shiga, ko daga ina ya fito. Ingila ita ma tun 1863 ta kafa rundunar Hausawa a Ikko a ƙarƙashin John Glover, daga baya ta haɗa rundunar iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hotunan waɗannan sojoji suna da yawa, musamman a katunan gidan waya da irin su Edmond Fortier na Dakar suka buga dubbai a farkon shekarun 1900. Amma rubutun da ke ƙasa ba ya wuce ƙabila da aiki: soja Bahaushe, soja Babambare. Uwa ta haife shi, an raɗa masa suna ranar bakwai, katin kuma ya shafe sunan.

Yadda ake gane shekarun hoto

Mai son shiga wannan harka ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ido da haƙuri da ƴan ƙa'idoji sun isa a fara.

Da farko a dubi abin da aka buga hoton a kai. In faranti ne mai sheƙi kamar madubi, wanda sai an karkata shi ake ganin sura, to na shekarun 1840 zuwa 1850 ne. In baƙin ƙarfe ne siriri, maganaɗisu zai kama shi. Hotunan azurfa da na ƙarfe sukan fito a juye kamar a madubi, don haka takobin da ke hagu zai bayyana a dama. In takarda ce siririya mai launin ruwan ƙasa da aka manna a kwali, a juya bayan kwalin, domin masu hoto kan buga sunansu da garinsu a wurin.

In katin gidan waya ne, bayansa ne ke faɗin gaskiya. A Faransa, kafin 1904, bayan kati na adireshi ne kaɗai, saƙo kuwa a gefen hoton ake rubuta shi. Katin da aka raba bayansa gida biyu da layi, ɓangaren saƙo da na adireshi, daga wannan lokaci ya fara. Sai dai a lura: ana iya buga tsohon hoto a sabon kati, don haka shekarar kati ba lallai ta zama shekarar ɗaukar hoto ba.

Sannan a dubi kayan jiki. Bindigar Lebel ta fito ne a 1886. Lambar yabo ta mulkin mallaka, Médaille coloniale, a 1893. Hular ƙarfe mai tudu a tsakiya, da ake kira Adrian, a 1915, shekara ɗaya da Croix de guerre. Duk hoton da ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana a ciki ba zai girmi shekarar ƙirƙirar abin ba. Kada kuma launi ya ruɗi mutum: sinadarin hoton wancan zamani ba ya ganin ja sosai, shi ya sa jar darar sojojin Faransa take fitowa baƙa.

Kasuwa da jabu

A shafukan gwanjo irin su eBay da Delcampe ana sayar da katuna da hotunan sojojin Afirka kullum. Mai sayarwa ya san kalmomin da ke jawo mai saye. Zai iya rubuta Zinder ko Mission Voulet-Chanoine a kan hoton da babu abin da ya haɗa shi da wurin, domin farashi ya tashi. Akwai kuma sababbin bugu da ake jiƙawa da ruwan shayi su yi kamar tsofaffi. Tabarau mai ƙara girma yana tona wannan: bugun inji na zamani ɗigo-ɗigo ne a jere, hoton asali kuwa sumul yake. Yanzu an ƙara da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira ko take shafa wa launi, a fitar da fuskar da ba a taɓa haifa ba a ce sarkin wani gari ne. Tambaya ɗaya ce ke raba gaskiya da ƙarya a nan: a wace ma'ajiya asalin hoton yake, kuma wace lamba aka ba shi?

Ma'ajiyun ba ɓoyayyu ba ne. Takardun mulkin mallaka na Faransa suna Aix-en-Provence. Babban ɗakin karatu na Faransa ya sa dubban tsofaffin hotuna da jaridu a shafinsa na Gallica, ana dubawa kyauta da wayar hannu. Hotunan Henri Gaden, wanda ya zauna a Damagaram a farkon shekarun 1900, suna ma'ajiyar birnin Bordeaux. A Yamai akwai ma'ajiyar takardu ta ƙasa, da gidan tarihi na Boubou Hama, da cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Ɗalibin da ya zauna ya kwatanta abin da ke waɗannan wurare da abin da dattawan Konni ke faɗa, ya yi aikin da babu baƙon da zai iya yi masa.

Abin da ke hannunmu

Hoton Konni na 1899 ba ya cikin adakar kowa. Amma na ƴaƴa da jikokin mutanen wancan zamani suna nan, a Konni, da Malbaza, da Illela, da ƙauyukan da ke kewaye: tsofaffin sojojin 1914 da na 1939, waɗanda suka je Indoshin da Aljeriya, dogarai, sarakuna, gwadabe da masu fassarar kumandan. Wasu an ɗauke su soja da ƙarfi, wasu sun shiga don kansu. Tare da hotunan sau da yawa akwai ɗan littafin soja mai ɗauke da lambar mutum, da shekarar shiga, da runduna. Wannan littafi shi ne mabuɗin da ke buɗe takardun Faransa, don haka kada a raba shi da hoton.

Maƙiyan waɗannan takardu sanannu ne: gara, laimar damina, ƙurar hunturu, zafin ɗakin kwano, da rabon gado, inda kowa ke ɗaukar abin da ya ga yana da kuɗi a bar takardu ga ɓeraye. Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Naɗe tsohon hoto da roba mai zafi a shagon kwafi yana kashe shi, domin ba a iya cire robar ba tare da ta taho da fuskar ba. Salatif da gam suna barin tabo. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma ta ratsa. Rataye asalin hoto a bango inda rana ke dukansa yana koɗar da shi cikin ƴan shekaru.

Abin yi kaɗan ne. A ɗauki hoton da waya, gaba da baya, a inuwa, ba tare da walƙiya ba. In za a aika ta WhatsApp, a aika shi a matsayin takarda domin kada a rage ingancinsa. A buga kwafi a rataye, asalin kuma a sa shi tsakanin farar takarda mai tsabta, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da bango. Sannan a ɗauki fensir, a rubuta a hankali a baya ko a wata takarda daban: sunansa, sunan mahaifinsa, unguwa ko ƙauye, wanda ya ba da bayanin, da ranar da aka rubuta. In dattijuwar gida ce kaɗai ta san labarin, a naɗi muryarta yau. In wani ya zo saye, a tuna cewa kuɗin da zai bayar za su ƙare kafin kasuwar mako ta zagayo, hoton kuma in ya ƙetara teku zai shiga jerin marasa suna.

Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Malaman tarihi na makarantun sakandare za su iya tura ɗalibai su tattaro kwafin hotunan unguwanninsu. Fadar Sarkin Konni, da ma'aikatar magajin gari, da gidajen rediyon yankin, da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, kowanne yana da hanyar isa ga iyalai. Ba a buƙatar karɓe asalin hoto daga hannun kowa. Kwafi da bayani sun wadatar.

A ƴan shekarun nan, jikokin al'ummomin da ayarin Voulet ya ratsa sun nemi Faransa ta amsa abin da aka yi, ta kuma buɗe musu takardun da ke hannunta. Ko yaya wannan nema ya kaya, mai neman haƙƙi yana buƙatar shaidar da aka tantance, wadda ba za a rushe ta da lambar yabo ɗaya a ƙirji ba. Masu gidan da suka nuna min hoton kakansu ba su ji daɗi ba da farko, da na ce musu hoton bai kai 1899 ba. Daga baya wata gwaggonsu ta tuna cewa tsohon yakan ba da labarin sanyin Faransa da jirgin ruwa. A ranar suka rubuta sunansa da na mahaifinsa da fensir, suka mayar da shi cikin gwangwanin.